Yadda Manjo Ya Kori Balbelu

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma, Manjo ya shigo tsakar gidanmu rungume da wani kwali, kamar wanda ya ɗauko jariri daga asibiti. Na san lokacin daidai, domin na sunkuyar da kai ina duban agogo ne don kada mutane su ga idona.

Gidan namu na haya ne, bene mai hawa uku, da famfo ɗaya a ƙasa, da bishiyar mangwaro guda a tsakiya. Matata ce ta shuka ta, Allah ya ba ta hutawa, a shekarar da muka tare, daga ƙwallon da ta tsotse ta ƙi yarwa. Ita ta tafi, bishiyar ta tsaya. Bana sai balbelu suka gano ta. Suka zo da danginsu kaf, suka yi sheƙa a kowane reshe, suka mayar da duk abin da ke ƙasa fari fat. Wanda ya fi shan wuya shi ne direban tasi na hawa na biyu, wanda motarsa kan kwanta shuɗiya ta wayi gari fara.

A kan haka muke taro. Nas, tsohuwar ma'aikaciyar asibiti da muka zaɓa shugabar mazauna gida saboda ba mai iya yi mata musu, ta riga ta yanke magana: idan balbelu ba su tashi ba zuwa Asabar ta ƙarshen wata, za a kira mai zarto. Kowa ya ɗaga hannu, ban da ni.

"A ajiye zarto," in ji Manjo. "Sojan sama ya iso."

Ya kamata in faɗi gaskiya tun yanzu, mutumin ba Manjo ba ne. Yana kofur ya yi ritaya, kuma duk shekarun da ya yi a soja a ɗakin ajiyar barguna da takalma ya yi su. Bayan ya bar aiki ne ya shiga ƙara wa kansa girma. Ya tsaya a Manjo ne kawai don matarsa ta ce ranar da ya kai Kanar shi zai riƙa wanke kakinsa da kansa.

Ya buɗe kwalin. Ɗan jirgi ne maras matuƙi, faɗinsa bai wuce faranti ba, da fanka huɗu, da ido ɗaya a goshi, da rimot.

"Wannan ai na yara ne," in ji direba. "Ga hoton yaro nan a jikin kwali yana dariya, har da giɓi."

"Abin da ake so ka gani ke nan. Duk sirrin soja haka ake fito da shi, a manna masa hoton yaro don irinku su wuce. Kana tsammani farar hula ne ya zauna ya ƙirƙiro wannan? Me farar hula ya taɓa ƙirƙirowa in ban da ƙorafi?"

"A shagon kayan wasa ka saya, maigida," in ji matarsa daga baranda. "Ina tsaye. Kusa da 'yartsana yake."

"Shiga ciki, ana maganar tsaro."

Ba ta shiga ba. Shi kuwa ya juyo gare mu ya fara lissafo abubuwan da ya ce soja ne ya ba duniya: agogon hannu, abincin gwangwani, zif ɗin wando, lema, har da takalmin roba.

"Cokali fa?" in ji Nas.

"Soja."

"Allura?"

"Soja."

"To haihuwa fa? Ita ma a bariki aka fara?"

"Akwai abubuwan da ba a ba ni izinin faɗa ba."

Mai aski, wanda shagonsa ke bakin ƙofar gida, ya ce shi dai ya ga masu ɗaukar hoto suna tashin irin wannan, ya ga wani manomi yana duba gonarsa da shi, kuma wani da ya yi wa aski ya ce yanzu sojan ma a shago suke saye kamar kowa.

"Aro muka ba ku," in ji Manjo. "In kun gama wasa da shi sai mu karɓi kayanmu. Ku ba ni zuwa Asabar ɗin. In balbela ɗaya ta rage a kan bishiyar nan, ku kira ni farar hula."

Da ina da wani mai ceto, da ko kallon Manjo ban yi ba. Amma ba ni da kowa. Na roƙi Nas ta bar shi ya gwada. Ta dube ni irin duban da take yi wa dangin maras lafiya in ta san ba zai kwana ba, ta ce, "Shi ke nan, Baba Akawu. Don kai."

Washegari Manjo ya fara da abin da ya kira mayar da jirgi soja. Littafin bayanin da ya zo a kwali ya naɗe shi ya tokare ƙafar teburinsa da ke rawa, ya ce wannan don farar hula aka rubuta. Ya sayo fenti kore da baƙi ya shafe jirgin tas, har da idon da ke goshi. Sannan ya yanka gwangwanin madara ya yi masa sulke gaba da baya.

Da la'asar ya fito da shi, mutanen gida suka jeru a baranda. Ya danna. Jirgin ya yi ƙugi, ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya fasa. Sai ya kama jan ciki a kan siminti kamar agwagwa mai ciwon baya, ya bi kyanwar Nas har ƙarƙashin matakala, ya dawo ya afka cikin kwanon wanki.

"Yanzu sojan ruwa ne ya iso?" in ji direba.

"Gwajin ƙasa ne. Ba za ka gane ba."

Ya shanya shi kwana biyu, ya cire sulken a ɓoye. Da ya haɗa shi da wayarsa don ya ga abin da jirgin ke gani, ba abin da ya fito sai kore shar. Matarsa ta ce ai fenti ne ya rufe idon. Ya ce a'a, wannan shi ake kira ganin dare, kuma sai manyan ƙasashe ke da shi.

"To ai rana ce tsaka," in ji ta.

"Shi ya sa ba kya ganin komai."

Tashi na biyu kuwa jirgin ya tashi, ban rage masa ba. Ya miƙe sama kamar an harba shi, ya tsaya daidai hawa na uku, ya yi kamar yana tunani, sannan ya juyo ya gangaro kai tsaye ya sami Manjo a tsakiyar goshi. Nas ta zaunar da shi a kan matakala, ta wanke wurin, ta manna masa filasta biyu a gicciye.

"Barka," in ji ta. "Ga raunin farko da ka samu a aikin soja."

Daga ranar Manjo bai ƙara taɓa rimot ba. Ya tara mu ya bayyana cewa kuskuren da aka yi shi ne an saɓa tsari. Hafsa ba ya riƙe kayan aiki da hannunsa, umarni yake bayarwa. Ya naɗa mai aski matuƙi, saboda mutumin da ya shekara yana yawo da aska a wuyan jama'a bai yanka kowa ba, hannunsa ba ya rawa. Kuma tun da hafsa ba ya magana da kurtu kai tsaye, sai an sami wanda zai tsaya a tsakani. Ni aka ba wannan muƙamin, jami'in sadarwa.

Ga yadda tsarin yake. Manjo zai ce, "Jami'in sadarwa, sanar da matuƙi ya yi dama." Ni in ce, "An karɓa." In juya ga mai aski, wanda kafaɗarsa ke gogar tawa, in ce, "Matuƙi, umarni daga sama, yi dama." Shi ya ce, "An karɓa," sannan ya motsa yatsa. A makarantar mishan an koya mana cewa in ka karɓi aiki ka yi shi daidai ko da na wofi ne, don haka ban taɓa tsallake kalma ko ɗaya ba. Amma kafin dama ta iso hannun mai aski, jirgin ya daɗe da barin inda dama ke da amfani.

"Jirgi maras matuƙi," in ji direba, yana goge gilashin motarsa, "amma ma'aikatansa sun fi na motar haya yawa."

Abin mamaki, mai aski ya iya. Cikin kwana kaɗan jirgin ya zama kamar almakashi a hannunsa. In Manjo ya shiga banɗaki, sai ya ɗaga shi ya zagaya famfo, ya ratsa tsakanin igiyoyin shanya, ya sauke shi a kan murfin tanki ba ko ƙara. Da Manjo ya dawo sai a koma tsari, jirgin ya koma karo da bango.

Ranar Alhamis ta sati na biyu aka yi abin da ya jawo mana komai. Muna atisaye, iska ta kwashi jirgin ta nufi tagar Nas da shi, ita kuwa tana zaune a ciki tana tsefe kai. Manjo ya fara, "Jami'in sadarwa, sanar da matuƙi," mai aski bai jira ba, ya karkata yatsa, jirgin ya goce ya wuce gilashin da kamar faɗin tafi. Matan baranda suka tafa masa. Wannan tafin ne Manjo bai iya haɗiyewa ba.

"Wa ya ba ka umarni?"

"Yallaɓai, taga zai fasa."

"Na tambaye ka taga? Wa ya ba ka umarni?"

"Ba kowa."

"Da a fagen daga ne, da yanzu an ɗaure ka a jikin ganga. Wannan shi ne ciwon farar hula, kowa da tunaninsa. Kai a tsammaninka da tunani aka ƙera jirgin nan? Da biyayya aka ƙera shi."

Bai tsaya nan ba. Ya bi mai aski har shagonsa, a gaban mutum uku da ke jiran aski, ɗaya ma da kumfa a rabin fuska, ya ce masa ɗan tawaye, ya ce masa mai kan kabewa, ya sa shi ya ɗaga hannu ya rantse cewa ko gini ne zai faɗo masa, ba zai ƙara motsa yatsa ba sai umarni ya bi hanyarsa ya iso. Mai aski mutum ne mai shiru, irin waɗanda in an ɓata musu rai ba sa ramawa, sai dai su adana. Ya ɗaga hannu ya rantse. Sannan ya ce, "An karɓa, yallaɓai," ya koma kan mai kumfa.

Na same shi daga baya na ce ya yi haƙuri, ya san halin mutumin, kuma ya san abin da bishiyar take a wurina.

"Na sani, Baba. Ni ma inuwarta nake sha. Amma an ce kaina kabewa ne, kuma kabewa ba ta tunani."

Balbelu kuwa duk wannan bai dame su ba. Farmakin farko da muka kai musu, jirgin ya isa har tsakiyar rassa yana ƙugi, suka karkata kai suka dube shi, suka ci gaba da gyaran gashi. A na biyu wata babba ta miƙa wuya ta sare shi a baya, ya dawo yana tangaɗi. A na uku ya maƙale a cikin ganye, kuma da yake an shafa masa fentin ɓuya, yini guda muna zagaya bishiya ba mu gan shi ba. Manjo ya ce wannan ya nuna fentin yana aiki. Sai da batir ya mutu iska ta kaɗo shi ya faɗo a kan motar direba, ya bar mata tabo a rufi.

"Manjo, zo ka ga abin da sojanka ya yi," in ji direba.

"A yaƙi ba a rasa asarar gefe."

"Da balbelu kawai nake fama. Yanzu ga balbelu, ga kai. Su aƙalla in na wanke yana fita."

Ana saura kwana biyu Manjo ya ce ya gano matsalar: jirgin ba shi da makami. Ya tattaro murafen gwangwani, ya huda su, ya ce za a jera su a doguwar igiya a rataya a ƙasan jirgin, in ya ratsa cikin rassa su yi ta kacau-kacau har abokan gaba su watse. Matarsa ta miƙo masa zaren ɗinki mai ƙarfi. Ya ture hannunta.

"Zare na tela ne. Soja da waya yake aiki."

Ya farke tsohuwar fankar ɗakinsu, ya warware jar wayar da ke cikinta, ya auna gaba huɗu. Ya kamata in faɗa a nan cewa wayoyin wutar unguwarmu suna bi ta gefen gidan ne, daf da rassan da suka leƙa titi. Nas ta nuna masa su da sandar tsintsiya. Ya ce ya gan su tun kafin a haife ta, kuma suna cikin taswirar yaƙi.

Asabar ta zo. Manjo bai yarda a yi abin a cikin gida kawai ba. Ya bi titi shago-shago yana gayyata, ya ce a zo a ga bambancin soja da farar hula. Aka jera benci. Mai shayi ya zo, mai gyaran takalmi ya zo, masu walda suka rufe shago suka zo, matan gidan da ke kallonmu suka cika tagoginsu. Shi kuwa ya fito cikin tsohon kakinsa, wanda maɓallan ciki suka daɗe da sallamawa, da hula a kan filasta, da gajeriyar sanda a hammata.

An tsara a fara da yamma, lokacin da balbelu ke dawowa. Suka dawo kuwa, bishiya ta yi fari kamar an shanya mata zannuwan asibiti. Muka jeru a ƙarƙashi, Manjo, ni, mai aski. Umarni ya bi hanyarsa, jirgi ya tashi, murafen gwangwani suna reto a ƙasansa suna walƙiya. Jama'a suka ɗaga kai sama. Ni kaina, Allah ya gafarta mini, na ji wani abu mai kama da sa rai ya motsa a ƙirjina.

Manjo ya ba da umarni a tsayar da jirgin daidai kan bishiya, sannan ya juya wa bishiyar baya ya fuskanci benci. Ashe ya shirya jawabi.

"Jama'a, abin da kuke gani a sama ba wasa ba ne. Tun daga ranar da ɗan Adam ya ɗauki dutse, soja ne a gaba, farar hula na biye yana tsintar abin da ya faɗi."

Iska ta taso daga bayan gida. Ba mai ƙarfi ba ce, irin wadda ke ɗaga labule ce kawai. Jirgin ya fara zamewa a hankali, a hankali, zuwa wajen titi, jar wayar tana jan ganye a bayansa. Kacau-kacau ɗin ya yi aiki, wannan ma ban rage masa ba: balbelu suka tashi gaba ɗaya, suka cika sama suna kewaya gidan suna kuka.

"Manjo," na ce, "jirgin yana tafiya wajen wayar wuta."

"Ba a katse hafsa. Kamar yadda nake faɗa, ko keken ɗinki da kuke gani..."

"Manjo, juyo ka duba."

"Maigida, juya mana," in ji matarsa daga sama.

Ya juyo. Ya ɗaga kai, ya ga inda jirgin ya kai, ya wangale baki iya faɗinsa don ya ba da umarni. A daidai nan ne wata balbela da ke wucewa ta yi abin da suka saba yi wa motar direba. Ba ta kuskure ba ko kaɗan. Manjo ya sunkuya yana kakari yana tofarwa, hula ta faɗi, sanda ta faɗi, benci ya kwashe da dariya har mai shayi ya zame ƙasa.

Ni ban yi dariya ba, idona na kan waya. Na kama hannun rigar mai aski.

"Dawo da shi, ɗana. Yi baya."

Yana tsaye ƙyam, rimot a hannu, yatsunsa biyu a ɗage sama kamar mai jiran a zuba masa ruwan wanke hannu.

"Daga wa umarnin ya fito, Baba?"

"Daga ni."

"Kai ai sadarwa ne."

"Don girman Allah."

"Da girman Allah aka sa na rantse."

Na juya ga Manjo na girgiza shi. Ya ɗago, ido ya yi ja, haɓa ta yi fari. Ko a wannan halin bai yarda ya ce wa mai aski yi baya ba, kalma biyu kacal. Ya gyara tsayuwa, ya share baki da hannun kaki, ya ce, "Jami'in sadarwa, sanar da matuƙi cewa..."

Ƙarar ta yi kamar an fasa babbar taya a cikin ɗaki. Wani shuɗin haske ya tsaga sama, tartsatsi ya zubo, fankar shagon aski ta tsaya, rediyon mai shayi ya yi shiru, wutar titin gaba ɗaya ta ɗauke. Sheƙar balbelu busassun tsinkaye ce. Kafin a ce me, rassan wajen titi sun kama da wuta.

Jama'a suka watse, benci ya kife. Nas ce ta tsaya a tsakiya tana ba da aiki, mata suka jeru daga famfo har hawa na uku suna miƙa bokiti, masu walda suka hau rufi suna watsawa. Mai aski ya ajiye rimot a ƙasa a hankali, ya ɗauki bokiti shi ma. Ba wanda ya jira umarnin kowa. Aka kashe wutar, amma kashi ɗaya cikin uku na bishiyar ya zama gawayi, kuma wani babban reshe ya karye ya kwanta a kan wayoyin.

Aka nemi Manjo aka rasa. Sai direba ya ga takalmin soja guda biyu sun leƙo daga ƙarƙashin motarsa.

"Fito, ranka ya daɗe. An gama yaƙin."

"Ina duba ko akwai bam ne."

"Akwai. Matarka ce, tana saukowa."

Ma'aikatan wutar lantarki suka iso da motarsu da tsani kafin rana ta faɗi. Babbansu ya zagaya bishiyar, ya duba reshen, ya duba gindin, ya zaro wani ƙonannen abu kore da baƙi da sanda ya riƙe shi nesa da jikinsa.

"Na wane yaro ne wannan?"

Kowa dai ya juya ya dubi wuri ɗaya.

Mutumin ya ce ba zai mayar da wuta ba muddin bishiyar na tsaye, domin abin da ya rage nata ya karkata wajen waya, iska ta gaba za ta kwantar da shi. Na ce a sassabe rassan kawai. Na ce zan riƙa sa a yi mata aski duk wata. Na ce matata ce ta shuka ta. Ya cire hular kwanonsa ya ce, "Allah ya jiƙanta, Baba. Amma titi guda ne ba wuta, kuma akwai masu magani a firji." Nas ta ajiye bokitinta. Ta zo ta tsaya kusa da ni, wannan kuwa a wurinta babbar magana ce.

Da zarton inji suka zo. Ban san abin da aka shekara talatin da wani abu ana reno zai iya faɗuwa kafin shayi ya huce ba. Suka yanka ta gunduwa-gunduwa, suka loda, suka ɗaura waya, wuta ta dawo, aka ji yara suna murna a can ƙarshen titi.

Balbelu suka yi ta kewaya wurin da bishiyar take suna neman ta. Da suka gaji, sai suka sauka a kan abin da ya fi kusa: ƙarfen barandar hawa na biyu da na uku, da igiyoyin shanya, da bakin tankin ruwa. Layin da ya fi tsawo ya jeru daidai saman motar direba.

A nan ne Manjo, wanda ya wanke fuska ya mayar da hula, ya tako zuwa tsakiyar fili. Ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya saka sanda a hammata.

"Ina so a shaida," in ji shi. "Na ce zuwa Asabar ba balbelar da za ta rage a kan bishiya. Yau Asabar. Wa ya ga balbela a kan bishiya?"

Matarsa ta kama shi ta bayan kwala, kamar yadda ake ɗaukar ɗan kyanwa, ta hau bene da shi. Muna jin sa a matakala yana cewa matsalar kawai ita ce an haɗa shi aiki da farar hula.

Bayan an kwashe benci, ga waɗanda suka rage a tsakar gida: direba, da tsumma a hannu, yana duban sama bai fara gogewa ba, Nas, tana share garin katako tana tarawa a gefe, ko da yake ba ranar shararta ba ce, mai aski, tsaye a bakin shagonsa, ya buɗe baki sau biyu zai yi mini magana ya fasa, balbelu, dukansu, ba ko ɗaya da ta ɓata, da ni, riƙe da kujerar da na sauko da ita don in zauna, ina ta zagaya fili da ita, na rasa inda mutum ke ajiye kujera a wurin da ba komai a samansa.